Mai Nemo wa Masana'antar Magani Kwangila: Ina Daɗin Wannan Aiki Yake?

Ɗauki kwalin magani, kowane iri, ka juya shi ka karanta ƙananan rubutun da ke kusa da lambar zubi (zubi shi ne adadin maganin da ake haɗawa a tashi ɗaya) da ranar ƙarewar wa'adi. Sau da yawa sunaye biyu za ka gani: kamfanin da maganin ke ɗauke da tambarinsa, da wata masana'anta dabam da ta haɗa masa shi, ko a Gujarat ta Indiya, ko a Ota ta jihar Ogun, ko a wani ƙaramin gari a Jamus. Tsakanin sunayen nan biyu akwai kwangila, kuma akwai mutumin da ya yi wata da watanni yana safa da marwa kafin a sa mata hannu. Shi ne jami'in neman ciniki na masana'antar. Ba shi ke buga ƙwaya ba, ba shi ke sa hannu a saki kaya ba, marar lafiyan da zai sha maganin kuwa har abada ba zai san da zamansa ba. To mai irin wannan matsayi, a ina zai sami gamsuwar da za ta riƙe shi shekara 10 ko 20 a bakin aiki?

Sai an san yadda sana'ar take kafin a amsa. Gina masana'antar da za ta cika ƙa'idojin GMP, wato dokokin haɗa magani da hukumomi ke bi suna dubawa, yana cin shekaru da maƙudan kuɗi. Ƙaramin kamfanin da ya gano sabon magani a ɗakin bincike ba shi da lokacin, ba shi da kuɗin. Manyan ma sukan gwammace su zuba jarinsu a bincike da talla, su bar wa wasu hidimar injuna. A nan masana'antun kwangila suka samu gindin zama. Wadda take haɗa magani kawai bisa tsarin da aka ba ta ana ce mata CMO. Wadda take taya mai magani ƙirƙiro tsarin haɗin tun daga tushe ita ce CDMO. Lonza ta Suwizalan, Samsung Biologics da aka kafa a Koriya ta Kudu a 2011, WuXi ta Sin, Vetter ta Jamus, Recipharm ta Suwidin, duk 'yan wannan layi ne. Kuɗin da ke yawo a ciki ba na wasa ba ne. A 2017 Thermo Fisher ta sayi Patheon kan dala biliyan 7.2. A ƙarshen 2024 Novo Holdings ta kammala sayen Catalent kan dala biliyan 16.5, sannan aka miƙa wa 'yar uwarta Novo Nordisk, kamfanin magani na Denmark, masana'antu uku daga ciki, na Anagni da Brussels da Bloomington, saboda tana neman wurin ɗura allurar rage ƙiba da duniya ke rububi.

Wannan ciniki na ƙarshe ya nuna ainihin hajar da ake sayarwa. Lokacin inji ne, da ɗakuna masu tsafta, da ma'aikatan da suka san aiki, da yardar hukuma. Mai neman ciniki yana sayar da makon da bai zo ba a kan injin da wasu ma ke jira. Duk abin da ya faɗa a teburin ciniki alkawari ne da wasu mutane za su cika da guminsu bayan shekara ɗaya ko biyu. Ra'ayinmu shi ne daɗin aikin da ɗacinsa duk daga nan suke fitowa: wanda ya ɗauki ranar sa hannu a matsayin ƙarshen tafiya zai gaji da wuri, wanda ya auna kansa da ranar da zubi ya fita lafiya shi ne ke daɗewa.

Daga gaisuwa zuwa zubin farko

Haɗuwar farko takan kasance a wurin baje koli, kamar CPHI da ake yi duk shekara a Turai, ko makon DCAT a New York cikin watan Maris, ko kuma ta hanyar wani tsohon abokin hulɗa da ya canza kamfani. Kafin a buɗe wata magana mai nauyi sai an sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. Daga nan mai magani ya turo takardar neman farashi, wadda yawanci ya tura wa masana'antu uku ko biyar a lokaci guda.

A wannan gaɓa ake gane gwani. Sabon shiga yakan yi sauri ya miƙa takardar ga masu lissafi don ya riga kowa mayar da amsa. Tsohon hannu sai ya zauna ya jero tambayoyi. Shin gundarin sinadarin na dangin fenisilin ne? In haka ne ba za a haɗa shi a gini ɗaya da sauran magunguna ba, domin ɓurɓushinsa kaɗan na iya halaka wanda jikinsa ba ya karɓarsa. Shin yana da ƙarfin da ƙurarsa za ta cutar da ma'aikaci, kamar magungunan daji da na sinadaran haihuwa? To sai a rufaffen inji, kuma wankin layin bayan an gama ya fi tsada. Yana jin danshi ko haske? In yana ji, katin da za a sa shi sai na alminiyam ciki da waje, wanda ya fi na leda girma da tsada, har kwalin ma sai ya canza. Ana kwaɓa garin da ruwa ne ko da sinadari mai kama wuta? Na biyun yana buƙatar ɗaki da injin da ba sa tartsatsi. Wace ƙasa za a kai shi? Domin maganin da za a sayar a Amurka sai hukumar FDA ta yarda da masana'antar, na Turai kuma sai wani jami'i da doka ta amince da shi ya sa hannu a kowane zubi. Tambaya guda da aka manta a nan tana iya cinye ribar kwangilar gaba ɗaya.

In an wuce wannan, mai magani zai turo masu bincikensa su kwana biyu ko uku suna bin masana'antar lungu-lungu: takardun horar da ma'aikata, rajistar gyaran injuna, yadda ake tace ruwa, yadda aka warware kurakuran baya. Sai a zo kan takardu biyu da ake yawan rikita su. Ɗaya ita ce yarjejeniyar kasuwanci, mai maganar farashi da adadi da wanda zai biya in an yi asara. Ɗayar ita ce yarjejeniyar inganci, mai fayyace wa zai gwada kayan haɗi, wa zai saki zubi, cikin kwana nawa za a sanar da juna in an ga matsala. FDA ta fitar da jagora a kan wannan ta biyun a 2016, Babi na 7 na dokokin GMP na Turai ma a kanta yake magana. Dokar a fili take: mai tambari ba ya tsira daga alhaki don ya ba wani haɗi, masana'anta ma ba ta fakewa da cewa umarni aka ba ta.

Daga gaisuwar farko zuwa sa hannu, wata 6 zuwa 18 ba abin mamaki ba ne. Kuma sa hannun nan buɗe ƙofa ce kawai. Bayansa ne za a miƙa fasahar haɗin: a koya wa ɗakin gwaji na masana'anta hanyoyin auna maganin har sakamakonsu ya yi daidai da na mai shi, a yi zubin gwaji, sannan a yi zubin tabbatarwa, wanda bisa al'ada uku ne a jere. Sai a saka samfura a akwatunan gwajin daɗewa. Gwajin gaggawa shi ne wata 6 a zafin digiri 40 da danshi kashi 75 cikin 100. Na dogon zango ya danganta da ƙasa: na Turai digiri 25 da danshi 60, na ƙasashe masu zafi da laima irin Nijeriya digiri 30 da danshi 75. Babu wayo ko matsin lamba da zai mai da wata 6 ya zama wata 3. Bayan haka kuma a jira hukuma ta amince da sauyin masana'anta. Mai neman cinikin da ya ce wa abokin hulɗa "in sha Allahu kafin ƙarshen shekara kayanka na kasuwa" ba tare da ya ƙirga waɗannan watanni ba, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Inda ake yin tuntuɓe

Mu duba abu ɗaya da kyau, domin irinsa ne ke hana mutane barci. A haɗin ƙwaya akan zuba wani farin gari mai santsi, magnesium stearate, ɗan kaɗan, sau da yawa ƙasa da kashi 1 cikin 100, don kada ƙwayar ta manne wa ƙarfen da ke buga ta. A tsohuwar masana'anta ana juya shi minti 3 a ƙaramin mazubi. A sabuwar, mazubin ya ninka wancan sau goma, to ko da an riƙe minti 3 ɗin, gogayyar da garin ke sha ta fi yawa. Sai santsin ya lulluɓe kowane ɓurɓushi, ruwa ya kasa ratsa ƙwayar da wuri. Ido ba zai gani ba: ƙwaya fara tas, nauyi daidai, kyau kamar a talla. Sai an jefa ta a na'urar gwajin narkewa a ga ta makara. Akwai ma'aunin da ake kwatanta narkewar sabuwa da tsohuwa, f2, wanda dole ya kai 50. In ya gaza, zubin bai yi kama da na asali ba. Gyaran yana iya zama rage mintunan juyawa kawai, amma kafin a gano, a sake zubi, a sake gwaji, wata biyu sun tafi, kuma gurbin da aka ware a kan inji ya wuce, wani ya shiga. Mai neman cinikin da ya san da irin wannan yakan saka zubin gwaji a cikin farashi tun farko, ya kuma bar sarari a jadawali, ko da takardarsa za ta fi ta abokan hamayya tsada.

Tuntuɓe na biyu na lissafi ne. A ɗauka mai magani ya ce zai riƙa sayen ƙwaya miliyan 50 a shekara, zubi ɗaya miliyan 1, wato zubi 50. Aka yanka farashi a kan za a riƙa buga zubi biyar-biyar a jere kafin a wanke layi. Shekara ta zagayo, kasuwa ba ta karɓa yadda ya zata ba, ya sayi miliyan 12 kacal, zubi ɗaya kowane wata. Yanzu kowane zubi sai an kwance inji, an wanke, an goge ƙarfe da auduga an kai ɗakin gwaji don a tabbatar babu ragowar maganin baya, an sake ɗaurawa. Yini guda ko fiye ya tafi a kan abin da ba a sa a farashi ba. Maganin wannan sananne ne: farashi mai hawa-hawa gwargwadon adadi, mafi ƙarancin abin da dole a saya a shekara ko a biya diyya, da ƙiyasin wata 12 da ake sabuntawa kowane wata, wanda wata 3 na farkonsa ba a janyewa. Kowa a sana'ar ya san waɗannan sharuɗɗa. Abin da ke faruwa shi ne mai neman ciniki ya yafe su a daren ƙarshe don kada kwangila ta kuɓuce masa.

Haka maganar abin da ke salwanta a hanya. In mai magani ne ke kawo gundarin sinadari, kilo 500 don ƙwaya miliyan 1 mai miligiram 500, aka samu kashi 97 cikin 100, to ƙwaya 30,000 sun bi ƙura da gwaji da saitin inji, kilo 15 ke nan. In farasitamol ne ba wanda zai ɗaga murya. In sinadarin da kilonsa ke cin dubban daloli ne, zumunci na iya ɓaci a kai. Shi ya sa ake rubuta cewa bayan zubi kaza na farko za a tsayar da mizani, abin da ya gaza shi masana'anta ta biya, amma da iyakar da ba za ta wuce ba.

Na uku shi ne cika baki. Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin sallah ya san telan da ba ya iya cewa a'a: ya karɓi na kowa, daren sallah shagonsa ya cika da masu zagi. Masana'antar magani ma tana faɗawa wannan rami, sai dai abin da ke lalacewa ya fi shadda. A watan Maris na 2021, a masana'antar Emergent BioSolutions da ke Baltimore, inda ake haɗa rigakafin korona na Johnson & Johnson da na AstraZeneca a gini ɗaya, kayan ɗaya suka gurɓata na ɗaya, aka yi asarar abin da ya kai allura miliyan 15 a tashin farko. Aka dakatar da aiki, daga baya cikin shekarar gwamnatin Amurka ta kawo ƙarshen kwangilarta da kamfanin. Akasin haka ma yana faruwa. Aspen ta Afirka ta Kudu ta shirya layinta na Gqeberha don fitar da rigakafin korona da sunanta, Aspenovax, a 2022, aka yi ta yabo, amma oda ba ta zo ba. Ɗaya ta karɓi fiye da ƙarfinta, ɗaya ta tanadi wuri bisa fatan alheri ba tare da takardar saye a hannu ba. Tsakanin waɗannan ramuka biyu mai neman ciniki ke tafiya kullum.

Inda gamsuwar take

Kamfanoni suna son rubuta a bangon ofis cewa suna ceton rayuka. Gaskiya ne, amma maganar ba ta riƙe mutum ranar da ya yi wata takwas yana bin kwangila aka ba wani don ya fi shi araha da 'yan sulalla. Ga kuma wani lissafi mai sanyaya jiki ga masu hulɗa da ƙananan kamfanonin bincike: cikin magunguna 10 da suka shiga gwaji a jikin mutane, kusan 1 ne ke kaiwa ga amincewar hukuma. Wato mafi yawan ayyukan da mutum ya sha wahala ya kawo ba za su taɓa isa kanti ba. Da kuɗin masu zuba jari suka ja baya a 2022 da 2023, ayyuka da yawa sun tsaya cak ba don laifin kowa a masana'anta ba. Wanda ya rataya farin cikinsa a kan ganin magani a kasuwa kaɗai zai yi ta zaman makoki.

Waɗanda suka daɗe a aikin sukan sami abin riƙewa a kusa. In magani ya faɗi a gwaji, tambayar da suke yi ita ce: ya faɗi ne don ba ya aiki a jikin ɗan Adam, ko don kayan gwajin sun makara ko sun zo da matsala? In na farko ne, an yi aiki mai kyau: likitoci sun sami amsa ta gaskiya a kan lokaci, an rufe wannan hanya, kuɗi ya koma wata. Wannan gamsuwa ce ta mai sana'a, ba ta da armashi a wurin walima, amma tana da ƙarko.

Akwai kuma daɗin sani. Mutane kaɗan ne a harkar magani ke ganin abu daga farko har ƙarshe kamar mai neman ciniki. Da safe yana tare da masanin sinadarai suna maganar girman ɓurɓushin gari, da rana yana tare da lauya a kan wa zai biya in an janye kaya daga kasuwa, da yamma yana lissafin kuɗin jirgin ruwa. Siyasar duniya ma tana shigo masa ofis: da majalisar wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin BIOSECURE a Satumban 2024, mai neman hana gwamnatin Amurka hulɗa da wasu kamfanonin Sin, wanda ya ambaci kamfanonin WuXi da suna, masu magani da yawa suka fara neman masana'anta ta biyu a Indiya da Turai da Koriya. Da sabuwar dokar Turai kan magungunan allura, Annex 1, ta fara aiki a Agustan 2023, tsofaffin layukan ɗura allura da yawa suka buƙaci gyara, masu sababbin layuka suka samu kasuwa. Mai son ilimi ba ya ƙoshi a wannan kujera.

Amma babban abin, a ganinmu, shi ne mutuncin mutum a cikin gida. Abokin ciniki na waje yana zuwa yana tafiya. Shugabar sashen inganci da mai tsara jadawalin injuna da injiniyan layi su ne za su ɗauki kayan da ka ɗaura. Ka shiga wurin mai jadawali kafin ka tura farashi, ka ce, "Malam, in na ce musu watan Yuni, za ka iya?" Ya duba allonsa ya ce, "Yuni akwai gyaran na'urar sanyaya iska na mako biyu, ka ce Agusta." Ka koma ka ce Agusta, ko da ka san abokin hamayya zai ce Mayu. Ranar da ka zo da aikin gaggawa na gaske, mutumin nan zai matsa maka wuri. Wanda kuwa ya saba sa hannu sannan ya jefo musu takarda, ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa, kuma babu kamashon da ke wanke wannan.

Ranar gwaji ita ce ranar da sakamakon ɗakin gwaji ya fita daga mizani. Zubi yana ajiye, motar ɗaukar kaya an riga an kira, mai magani yana bugo waya. Abu biyu ne aikin mai neman ciniki a nan. Ya tabbatar an sanar da mai magani cikin wa'adin da yarjejeniyar inganci ta yanka, da bakin da ya dace, ba tare da kwaskwarima ba. Sannan ya cire hannunsa daga sashen inganci. Kada ya leƙa ya ce, "Hajiya, ba yadda za a yi a sake gwadawa?" Maimaita gwaji har sai an sami lambar da ake so yana cikin manyan laifukan da masu binciken hukuma ke farauta. In maganin allura ne, gwajin da aka saba yi na tabbatar da babu ƙwayar cuta kwana 14 yake ci, ba a rage masa ko yini. Dalilin wannan tsanani ba ɓoyayye ba ne. A 2018 aka janye maganin hawan jini valsartan a ƙasashe da dama saboda wani sauyi da masana'antar Zhejiang Huahai ta yi a hanyar haɗa sinadarin ya haifar da NDMA, wanda ake zargi da jawo daji. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, aka danganta abin da ruwan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya mai ɗauke da gubar diethylene glycol, gubar da ta kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar maganin haƙori na My Pikin daga ƙarshen 2008. Gwajin gangar mahaɗi guda kafin a zuba ta shi ne abin da ke tsakanin yaro da kabari, kuma kuɗin gwajin yana cikin farashin da mai neman ciniki ke ƙoƙarin ragewa don ya ci kwangila. Wanda ya fahimci haka ba ya jin kunyar tsadarsa.

Yadda abin yake a Nijeriya

A nan gida sana'ar tana tasowa, da nata salon. A 2019 NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta fito da tsarin da ake kira 5+5, wanda ke matsa wa masu shigo da magungunan da za a iya haɗawa a gida su kafa masana'anta ko su haɗa kai da wadda ke akwai. A shekarar ce GSK, kamfanin magani na Birtaniya, ta zaɓi Fidson ta nan gida ta riƙa haɗa mata wasu kayanta, May & Baker kuma ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da Sanofi ta Faransa. A 2023 GSK ta sanar da rufe harkarta ta kai-tsaye a ƙasar, Sanofi ma ta sanar da komawa sayarwa ta hannun wakili. Wannan darasi ne ga duk masana'antar da ta jingina da abokin ciniki ɗaya, komai girman sunansa. A ɗaya ɓangaren, NAFDAC ta kai mataki na 3 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022, Swiss Pharma ta Legas kuma ta sami amincewar Hukumar Lafiya ta Duniyar a kan ƙwayar zinc a 2023 da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ga masu juna biyu a 2024, abin da ke buɗe ƙofar sayar wa manyan ƙungiyoyin agaji.

Mai neman ciniki a nan yana da ciwon kai biyu da takwaransa na birnin Basel a Suwizalan bai sani ba. Na farko canji. Kusan duk gundarin sinadari daga Indiya da Sin ake sayo shi da dala. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sa hannu a farashin naira tsayayye na shekara biyu ba tare da sharaɗin sake lissafi ba, ya haɗa wa wani magani da jarinsa. Dole a rubuta cewa in canji ya motsa da kashi kaza za a sake zama, ko kuma mai magani ya sayo sinadarinsa da kansa, masana'anta ta karɓi ladan haɗi kawai. Na biyu wuta. Na'urar tace iska da rage danshi ba a kashe ta don an tashi aiki, akwatunan gwajin daɗewa ma haka, dare da rana, wata da watanni. Kuɗin gas da dizal na cikin kowace ƙwaya, ko an rubuta ko ba a rubuta ba.

Akwai kuma kasuwar da ba a cika kula da ita ba: manyan 'yan kasuwar magani na Kano da Onitsha da Legas, waɗanda da yawansu suna da tambarin kansu da ake haɗa musu a Indiya. Jawo irin wannan Alhaji ya dawo da haɗinsa gida aiki ne na haƙuri. Zai ce zubin miliyan 1 ya yi masa yawa, yana son 200,000. Inji kuwa yana da ƙaramin adadin da in an gaza shi garin ba ya gauraya daidai, kuma kowane girman zubi sai an tabbatar da shi dabam. Zai so bashi, masana'anta tana son kafin alƙalami da zai ishe ta sayen sinadari da katin da aka buga sunansa, tunda katin ba ya yi wa kowa amfani sai shi. Abin da ke gamsar da shi a ƙarshe lissafi ne a takarda: watannin da kuɗinsa ke kwance tsakanin oda da fitowar kwantena daga tashar Apapa, da watannin wa'adin magani da ke ƙonewa a teku, a gefe guda kuma kayan da za su iso shagonsa da mota daga Ota.

Ga wanda ake tayin wannan kujera, a gida ko a waje, tsarin biyan lada shi zai gaya masa irin rayuwar da zai yi. In kamasho gaba ɗaya a kan darajar kwangila ranar sa hannu yake, kamfanin yana koya wa mutanensa cika baki ne, kuma rigima da masu injuna ba za ta ƙare ba. In an raba shi, wani kaso ranar sa hannu, wani bayan zubin tabbatarwa, wani a kan kuɗin da ya shigo a shekarar farko, to an ɗaure moriyarsa da gaskiyar abin da ya faɗa. Ya tambaya ko yana da damar ƙin aikin da bai dace da masana'antar ba, da wanda ke yanke wannan hukunci. Ya tambaya ko zai ci gaba da zama a taron aikin bayan sa hannu, ko za a karɓe a ba wani ya koma farauta. Ya nemi sanin abin da hukuma ta rubuta a bincikenta na ƙarshe da yadda aka amsa. In FDA ce, takardar da take bari sunanta 483, kuma cikin kwanakin aiki 15 ake son amsa. Sannan ya roƙi a bar shi ya yi makonninsa na farko a cikin masana'anta, da hula da rigar aiki, ya tsaya ya ga an kwance injin buga ƙwaya an wanke an mayar, ya duba agogo ya rubuta awa nawa aka ci, kafin ya tura wa kowa takardar farashi.